Bugu Biyu da Mataji

Kafin ciwon, babu wanda ya taɓa jin Rediyo ya yi shiru. Shekara talatin da ɗaya yana aski a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da ƙwan lantarki, kuma a duk shekarun nan bakinsa ya fi injin askinsa aiki. Shi ya sa aka laƙa masa sunan, ya bi shi har gida. Ya san dalilin tsadar mai, ya san ɗan wasan da ya kamata a cire daga fili, ya san maganin basir kala bakwai. In ka zauna a kujerarsa ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shiga hannu, ba tashi sai ka ji ƙarshen labari. Akwai wani abokinsa Mai Sanƙo, wanda ko silin gashi bai rage a kansa ba, amma duk Asabar sai ya zo ya hau kujerar, a goge masa kai da tawul mai ɗumi, su yi musu har azahar.

Matarsa kuwa Hukuma yake ce mata, wai don duk abin da ya yanke a waje sai an kawo gabanta an sake shari'a. Mace ce mai ƙarancin magana. Shi da kansa yakan ce maganar mutum biyu aka haɗa aka ba shi, ita aka bar ta da kallo. Ita ke wanke tawul-tawul da ƙyallayen shagon, ita ke kai masa abincin rana ta zauna a benci har ya gama, don haka ta san shagon kamar ɗakinta.

Duk surutunsa, kalma ɗaya ce ba ta fita daga bakinsa, ita ce a'a. Mutum ne mai kunyar hanawa. In wani ya nemi askin da bai dace da kansa ba, ko ya fara mutsu-mutsu ana kan gyaran fuska, Rediyo ba ya katse labarinsa. Sai ya buga matajin da ke hannunsa na hagu a bayan kujera sau biyu, ƙwas ƙwas, mai kai ya nutsu. A gida ma haka yake yi da cokali a bakin faranti in gishiri ya yi yawa, bakinsa kuwa yana ta yabon girkin.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar yi wa wani direba aski, injin ya faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi shi ƙasa. Direban ne ya ɗauke shi zuwa asibiti da rabin kai a aske. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Wuyansa ya karkata gefe guda, ta yadda ko ya gyaɗa kai ko ya girgiza, duk abu ɗaya ake gani. Kwana takwas iyalin suna zagaye da gadon suna addu'a, shi yana bin su da ido. A rana ta tara, Hukuma tana goge masa baki, sai ya motsa leɓe ya ce, "Alhamdulillah."

Ranar an yi kukan murna. Babban ɗansu, mai haɗa wayar lantarki da ake kira Injiniya, ya yi sujada a kan simintin asibiti. Auta, 'yarsu da ke aure a nesa, ta sa aka kara masa waya a kunne sau uku don ta ji da kanta. Kowa ya ɗauka ƙofa ce ta buɗe, sauran magana na biye. Aka sallame shi, aka yi wata ɗaya, aka yi shida, aka yi shekara, ba abin da ya biyo baya. In an tayar masa da karatun salla yakan bi har ƙarshe ba tuntuɓe, likita ya ce abin da baki ya haddace tun yarinta a wani wuri daban yake zaune. Amma ya ce ruwa, ko zafi, ko ya kira sunan wani, wannan ya gagara. Ko me ka tambaye shi, kalmar nan ɗaya ce za ta fito.

Falo aka mayar masa ɗaki, don gadon ƙarfen ba ya shiga ƙofar ciki. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta, kuma labule a sake yake kullum don kada iska ta buge shi. Injiniya ya cire madubin da ke jikin bango, ya ce kada Baba ya ga yadda bakinsa ya karkace ransa ya ɓaci, sai da ya tattara har ɗan ƙaramin da ke banɗaki. Ya sayo wata na'ura mai karatun Alƙur'ani ya ajiye a kan tebur, tana yi daga safe har magariba. Duk Juma'a yana zuwa da injin da ya aro ya yi wa mahaifinsa aski, da irin hannun da ya saba fiƙe waya. Yaro ne mai son ubansa, wannan ba a musu, sai dai sonsa irin mai ɗaure mutum ne tamau.

Hukuma kuma ta zama 'yar ɗakin. Ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke kai fo ta dawo da shi, ita ke yi masa alwala ta juya gadon gabas su yi salla tare, shi a kwance ita a gefensa. Ita ke murza masa yatsun dama ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likitar motsa jiki ta koya mata, tana salati a kan kowane yatsa don kada ta yi kuskuren ƙirga. Wata goma sha huɗu ba ta wuce bakin layi ba. Ta san adadin tsagun silin, ta san lokacin da inuwar bangon maƙwabta ke hawa labule. Sallar nan da suke yi tare ita ce ke riƙe da ita, domin a nan kaɗai take jin muryar mijinta ta yi tsawo kamar da.

Masu dubiya ba sa yankewa, kuma tambayarsu ɗaya ce.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillah," in ji ta, ko da kuwa ranar sau uku ta canza zanen gado.

Sai su juya gare shi. "Malam Rediyo, yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdulillah."

Sai su girgiza kai, wasu har da hawaye. Labari ya bazu cewa akwai wani bawan Allah da aka karɓe masa komai aka bar masa godiya. Liman ya kawo misalinsa a wa'azi, ba tare da ya kama suna ba, amma kowa ya gane. Har aka fara kawo masu raki su gan shi, a ce musu su dubi wanda ya fi su ciwo. Iyalin suka rataya a jikin wannan kalma. In Auta ta kira tana kuka, da ita ake lallashinta. In Injiniya ya karaya, ita yake tunawa ya miƙe.

Hukuma ce kaɗai take kallon hannunsa na hagu. Tun watannin farko ta lura cewa wani lokaci in ya faɗi kalmar, yatsansa na nuni yakan sauka a kan bargo sau biyu. Bargo ba ya ƙara, don haka ba wanda ya ji komai. Ta gani ranar da aka fara ba shi shayi ba sukari. Ta gani ranar da aka ƙara wa na'urar murya. Tana gani duk Juma'a in injin aro ya hau ƙeyarsa. Injiniya ma ya ga motsin, ya yi masa fassara irin tasa.

"Umma, kin gani? Carbi yake nema. Tasbihi yake yi da yatsa mu ba mu kula ba."

Washegari ya zo da carbi mai manyan 'ya'ya ya naɗa masa a hannun sau biyu. Masu dubiya suka samu abin ƙarawa a labari.

Ta sani, amma ta ƙi yarda ta sani. Ta ina za ta fara? Ta tsaya a gaban 'ya'yanta ta ce musu ubansu ba godiya yake yi ba, ƙorafi yake yi? Ta ce wa liman misalinsa ya karye? Ita kanta tsoron tunanin take ji, kamar in ta faɗa ta yi saɓo. Sai ta riƙa gyara ƙananan abubuwa a ɓoye, ta rage muryar na'urar in ba kowa, ta ɗaga gefen labule kaɗan. In an tambaye ta me ya ce, sai ta ce godiya yake yi. Wani lokaci ta kan dube shi ta ga cewa su biyun abu ɗaya ke damunsu, shi kalma ɗaya ta rage masa, ita kuma kalma ɗaya aka yarda ta faɗa.

Shagon yana nan a kulle duk wannan lokaci, kujera da babban madubi da aljihun kayan aiki suna ciki. Wata Alhamis bayan la'asar Injiniya ya shigo da liman. Ya durƙusa a gaban gadon ya yi bayani a tsanake. An yi magani, an yi addu'a, abin da ya rage shi ne sadaka mai nauyi, wadda za a ji fitarta a jiki. Akwai wani magidanci da gobara ta cinye masa shagon aski, yana zaune ba sana'a. In aka ba shi kujerar da madubin da sauran kaya, da niyyar Allah ya ba Baba lafiya, ai ba a yi asara ba.

Liman ya ce niyya ce mai kyau, amma kayan mutum ba a sadaka da su sai da yardarsa. Ya matso ya ce, "Malam, ka ji abin da ɗanka ya faɗa. Ka yarda a bayar?"

Idon Rediyo ya fito waje. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa ya yi ta rawa yana neman wata hanya, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can abin ya fito da ƙarfi fiye da kullum.

"Alhamdulillah."

"Allahu akbar," in ji liman a hankali. Injiniya ya share ido ya ce Asabar da safe zai samo akori-kura.

Hukuma tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ga carbin yana tsalle a kan bargo, sau biyu, a tsaya, sau biyu, a tsaya. Ta buɗe baki, ta dubi fuskar ɗanta da ke cike da haske, ta haɗiye maganar. Ta raka liman da godiya.

Ranar Juma'a ta wayi gari da maganar kujerar a ranta. Kujerar nan ta san ta tun tana amarya. Rediyo ne ya sayo ta a gwanjo, ya yi sati yana gyara ƙafar da ke juyawa, ya sake mata fata da hannunsa. Ta san cewa duk murzar yatsun da yake jurewa yana cije leɓe, kujerar yake hange. In kujerar ta tafi, za a ci gaba da juya shi ana ba shi magani, amma ba za a sake samun abin da zai tashi dominsa ba.

Da aka tafi masallaci gidan ya yi tsit, sai ta kashe na'urar. Ta shiga ciki ta buɗe akwatin da ta ajiye rigar da ya faɗi da ita. Matajin yana nan a aljihun gaba, baƙi, haƙora biyu sun karye. Ta dawo ta zauna a bakin gado, ta warware carbin daga hannunsa ta sumbace shi ta rataye a ƙusa. Ta sa masa matajin a tafin hannu, ta jawo hannun kusa da ƙarfen gadon.

"Ka san na gaji," in ji ta. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gaji da ɗakin nan, na gaji da cewa da sauƙi. Kai ma na san ka gaji. Yau ba liman, ba yara. Zan tambaye ka, ka amsa mini yadda ka saba."

Ya dube ta, ya dubi matajin.

"Shayin nan da ba sukari, kana son sa?"

"Alhamdulillah," in ji bakin. Hannun kuma ya ɗaga da ƙyar ya sauka a kan ƙarfe. Ƙwas ƙwas.

Ƙarar ta cika falon. Wata goma sha huɗu rabonta da jin mijinta ya yi magana, sai yau. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta.

"To sukari kam ba za ka samu ba, likita ya hana, ka buga har gobe. Labulen nan fa, a bar shi a sake?"

Ƙwas ƙwas.

"Askin Injiniya?"

Ƙwas ƙwas, ƙwas ƙwas. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga sama.

"Masu zuwa kallonka?"

Ƙwas ƙwas.

"Kujerar. Ka yarda a bayar?"

Wannan karon sai da matajin ya kusa faɗuwa. Ta riƙe masa hannu har numfashinsa ya daidaita. Akwai sauran tambaya ɗaya, wadda ta fi wata goma tana gudu. Ta yi ƙasa da murya.

"Ka yi fushi da Ubangijinka ne? Ka daina gode masa?"

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake wa mai kawo maganar banza a shago. Sannan ya buga sau biyu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta kifa kanta a kan bargon ta yi kukan da ba ta yi ba tun asibiti.

Asabar da safe Injiniya ya zo karɓar makullin shago, motar tana jira a waje. Mai Sanƙo ma ya zo, don tun da aka kwanta bai fasa zuwan Asabar ba, sai dai yanzu shi kaɗai yake musun. Hukuma ta ce makulli yana hannunta, kuma ba za ta bayar ba.

"Umma, a gaban liman fa ya amsa."

"Bai amsa ba. Sake tambayarsa."

"Sadaka ce, Umma. Kada mu yi wa Allah rowa saboda tsohuwar kujera."

"Na ce ka sake tambayarsa, ka bar kallon bakinsa."

Bai taɓa jin ta yi magana da wannan murya ba. Ya durƙusa ya maimaita tambayar. Kalmar ta fito kamar kullum, sai ƙarfen gado ya amsa, ƙwas ƙwas.

Mai Sanƙo ya zabura har hularsa ta zame. "Kai, wannan ai a'a ce. Shekara ashirin ana buga mini ita a ƙeya. Yaro, ubanka ya ce a'a."

Injiniya ya tsaya cak. Shi ma an buga masa ita yana ƙarami, duk lokacin da ya ƙi tsayar da kai. Ya dubi carbin da ke rataye a ƙusa, ya dubi na'urar, ya dubi wurin da madubi yake a da. Ya zauna a ƙasa.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun farko. Ni ma na gani na yi shiru, laifin ba naka ba ne kai kaɗai."

"Baba, ka yafe mini. Ka yafe?"

Hannun bai motsa ba. Injiniya ya kama shi ya ɗora a goshinsa.

Motar ba ta koma wofi ba. Injiniya ya ce zai haɗa wa mai gobarar kayan aiki daga aljihunsa, sadaka tana nan, sai dai ta fito daga mai niyyar. Kujerar da madubin kuwa gida aka kawo su. Sai da aka cire ƙyauren falo kafin kujerar ta shiga, aka fitar da tebur da na'urar don a samu wuri, ɗakin ya ƙara matsewa. Mutum uku suka ɗaga Rediyo suka zaunar, suka tokare ɓarin dama da matashi. Injiniya ya tsaya da madubin a jingine a ƙirjinsa, ya juya bayan madubin ga uban, yana jan ƙafa.

"Baba, in bar shi a juye?"

Ƙwas ƙwas, a hannun kujera.

Ya juya shi. Abin da Rediyo ya fara gani shi ne layin askin goshinsa, wanda ya hau ta hagu ya gangara ta dama kamar hanyar dutse. Ya buga mataji har sai da Mai Sanƙo ya riƙe ciki don dariya, Injiniya ya sunkuyar da kai yana cewa ai shi wayar lantarki ya koya.

Sannan dariyar ta lafa. Rediyo ya dubi bakin da ya karkace, da idon da ya sauka, da kafaɗar da ta zube. Daga nan idonsa ya ɗaga sama kaɗan, yadda ya saba yi wa mutane magana ta cikin madubi, ya sauka a kan Hukuma da ke tsaye a bayan kujera. Ita ma sai a lokacin ta ga kanta. Wuyanta ya zurma, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, rigar ta yi mata yawa. Wata goma sha huɗu ba wanda ya gaya mata.

Suka daɗe suna kallon juna a cikin gilashin. Leɓensa ya motsa.

"Alhamdulillah."

Hukuma ba ta dubi bakinsa ba, hannun ta duba. Matajin yana kwance a kan cinyarsa, yatsun a sake. Ta jira, ta ƙara jira, bai ɗaga shi ba.